Sarƙar da Na Sa wa Bikili

Kwanakin baya muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, na ji ɗana Nura yana ba 'ya'yansa labarin dokin da muka taɓa yi a gidan nan. Da ya kawo ƙarshe sai ya ce wai wani mutum ne mai suna Azi ya yi wa dokin asiri, har ya haukace ya karya ƙafarsa. Jikokina suka saki baki suna saurare. Ni kuwa ina kan tabarma da carbi a hannu, na ji kamar an kwara mini ruwan sanyi. Ban ga laifin Nura ba. Abin da ya tashi ya ji ana faɗa a unguwarmu Laranto ke nan, kuma ni da ya kamata in ƙaryata ban taɓa buɗe baki ba. Mahaifiyarku Hajara ta san yadda aka yi, amma ta koma ga Allah ba ta tona ni ba. Don haka a nan zan ajiye maganar kasuwa da tafiye-tafiye, in gaya muku yadda dokin nan Bikili ya mutu da wanda ya yi sanadi.

Kakanku ya zo Jos ne zamanin kuza, ya yi wa Turawan ma'adinai kiwon dawaki a Naraguta. Kuza ta ƙare, Turawa suka tafi, amma son doki bai bar jininsa ba. Ko a shekarun da tuwon dare ke yi mana wuya, akwai doki a bayan gidanmu yana cin dusa. Na ƙarshen da ya saya shi ne wannan, ja ne mai baƙar geza da baƙar jela, irin wanda ake kira bikili, sunan kuma ya bi shi. Yana dukushi aka kawo shi, bai gama cika ba Baba ya kwanta ciwon ajali. Baba mutum ne mai ƙa'ida a kan ɗauri. A ƙafa ake ɗaure doki, ba a wuya ba. Igiyar rama ce, a naɗe wurin da za ta zauna a ƙafar da tsumma don kada ta ci fata, ɗaya bakin kuma a ƙulla a turke da ƙulli mai kunne, wanda ja ɗaya ke warwarewa. Sannan kullum akwai wuƙa a soke a jikin ginshiƙin barga. Ana saura kwanaki ya rasu ya sa na kama shi muka je barga, ya duba ƙullina, ya warware, ya sa na sake.

Ya ce, "Sabo, ka ɗaure shi yadda ko Hajara za ta kwance shi da hannu ɗaya. Wuta na tashi, maciji na shigowa, doki na firgita. Ranar da hakan za ta faru ba lallai kana gida ba."

Na ce to, Baba. A raina kuwa cewa nake tsufa ne ya sa shi maimaita abin da na sani tun ina yaye.

Ba ni kaɗai Baba ya koya wa wannan ɗauri ba. Azi ma ya koya a hannunsa. Mahaifin Azi shi ke yankar wa dawakin Turawa ciyawa, don haka tare muka tashi, ya girme ni da shekara biyu ko uku. Kirista ne, gidansu na bayan namu, katanga ɗaya ta raba mu. Yana da gona a Naraguta a bakin wani tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa, yana noman kabeji da karas da latas rani da damina, ni kuma ina dillancin kayan gwari a kasuwar Farin Gada, ni ke sayar masa. Kullum da safe zai leƙo barga ya kwashe kashin doki a buhu don taki, ya ɗare bayan Bikili ba sirdi, su bi bakin rafi su ɓulla gona. Can zai yi masa talala da doguwar igiya a inda ciyawa ke kore, ya wanke shi da rana, da yamma ya dawo mini da shi yana ƙyalli. Ni sai ranar Juma'a nake ɗaura sirdi in yi kilisa, a ce ga Sabo mai doki. In za a faɗi gaskiya, sunan doki nawa ne, amma muryar Azi yake ji ya yi haniniya.

Sai rikici ya zo, wanda ba sai na ba ku labarinsa ba, kun ga abin da ya bari. Azi ya kwashe iyalinsa ya koma gona, ya yi ɗaki biyu a can. Ba mu yi faɗa ba, ko kallon banza bai taɓa shiga tsakaninmu ba, amma hanyar da a da muke bi ba tare da tunani ba ta zama sai mutum ya yi shawara. Ya daina shigowa unguwa, ni ma ban ƙara taka Naraguta ba. Kayan gonarsa sai ya riƙa ba wani dillali na can ɓangaren. Bikili ya koma zaman barga dare da rana. Ina saya masa ciyawa da harawa, ina ba shi dusa da kanwa, ban rage shi da komai ba a ganina. Amma da hantsi ya yi sai ka ji yana turar ƙasa da kofato, yana juya kai wajen ƙofar baya da ke fita lungu. Haka muka yi fiye da shekara.

Wata rana na dawo daga kasuwa wajen sha ɗaya na tarar da turke tsirara, ba doki ba igiya, ƙofar kwano ta baya a buɗe. Hajara ta ce tana madafa ba ta ji komai ba. Na zaga Laranto kaf ina tambaya kamar zautacce. Bayan azahar wani ɗan dako ya zo ya ce Azi na jirana a bakin gadar da ke bayan Farin Gada. Na je na same shi tsaye riƙe da igiya, Bikili na shinshinar kafaɗarsa. Ya rame, furfura ta fito masa.

Ya yi dariya ya ce, "Sabo, baƙo na yi. Ina ban ruwa kawai na ji numfashi a bayana. Ya ci ciyawa, na wanke shi. Yaya Hajara da yara?"

Na ce lafiya lau, na yi godiya, na tambayi lafiyar maiɗakinsa. Muka tsaya jim kaɗan, kowa na kallon motoci. Bai ƙetaro gadar ba, ni ma ban ce ya ƙetaro ba.

Bayan mako guda aka sake. Bayan kwana huɗu aka kuma. Kullum da hantsi, kullum gonar Azi, kullum saƙo ya zo in je gada. Magana ta shiga majalisar da muke zama a ƙofar shagon Malam Iro tela bayan sallar la'asar. Malam Iro mutum ne mai baki, in ya fara zance keken ɗinkinsa ma sai ya huta.

Ya ce, "Alhaji Sabo, kai ma dai da wani abu. Yaushe doki ya yi yatsu da zai kwance ƙulli? Ko dai mutumin nan yana turo wani ta lungu, ko kuma kiranye ya yi masa. Mutanen nan fa ka san su da ƙulle-ƙulle. Yau doki ne, gobe ba ka san me zai kira ba."

Kowa ya ce ƙwarai. Ni da na san Azi tun muna yawo ba wando ban kare shi ba, maganar kuma ta sami wurin zama a zuciyata. Da na koma gida na maimaita wa Hajara, sai ta ajiye tsintsiyar hannunta.

Ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Ni da idona na ga dokin nan yana wasa da ƙullin da baki shekaranjiya. Ba wanda ke shigowa gidan nan."

Na ce, "Ke dai ki ji da tukunyarki. Me kika sani a kan doki?"

Kun san ni da zuciya, a lokacin kuma ta fi haka. Karo na huɗu da aka kira ni gada, tun daga gida na tafi a cike. Ko gaisuwarsa ban amsa ba, na fizge igiyar daga hannunsa, na ce masa ya fita harkar dokina, in kuma wani abu ya binne ko ya turara to ya je ya tone, don na gaji. Masu acaɓa da ke tsaye a wurin suka juyo suna kallo. Azi bai ɗaga murya ba. Ya kamo bakin igiyar da ke jan ƙasa ya ɗago mini.

Ya ce, "Duba nan, Sabo. Igiya ya jiƙe da yawu, ga wurin haƙori. Shi ne yana kwancewa da kansa. Ni zan yi maka haka? Ni da Baba ya koya mana ɗaurin nan rana ɗaya?"

Na ce kada ya ƙara sa sunan Baba a bakinsa. Na ja doki na juya. Har yau in na rufe ido ina ganin yadda hannunsa ya tsaya a sama bayan na zare igiyar. Da yamma na ba majalisa labari, aka yi ta yaba mini, Malam Iro har da cewa yau na nuna ni ɗan halak ne.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya ban fita kasuwa ba. Na ɗauki gora na shiga ɗakin ajiya da ke kallon barga, na zauna a kan buhun dusa ina leƙe ta tsagar ƙofa, wai zan kama wanda Azi ke turowa. Hantsi ya ɗaga, Hajara ta fara daka. Sai na ga Bikili ya ɗaga kunnuwa, ya dubi tsakar gida kamar ɓarawon da ke lissafin masu gida. Ya sunkuyar da kai a hankali, ya lalubi kunnen ƙullin da leɓe, ya kama da haƙori, ya ja sau ɗaya. Igiya ta zube. Ya taka zuwa ƙofar baya, ya sa hanci ya ɗage wayar da muke maƙalawa, ya tura. Wallahi dariya ce ta fara zo mini, don ko ni ban fi shi iya kwancewa ba. Kafin dariyar ta fito sai kunya ta danne ta. Na fito da gudu na kamo shi a lungu. Da na shigo da shi Hajara na tsaye da taɓarya a hannu, ta ga komai.

Ta ce, "To, Malam, ka gani. Sai ka je ka ba bawan Allah haƙuri."

Na ce zan je. Na kuma ce kada ta kuskura ta faɗa wa kowa kafin in je. Ban je ba. Abin da ya hana ni ba wani abu ba ne illa majalisa. Da bakina na ba su labarin yadda na wanke Azi tas, sun yaba, yanzu in koma in ce doki ne ya fi ni wayo, mutumin kirki na zalunta? A shekarun nan kuma duk wanda ya faɗi alherin wani na can ɓangaren sai a fara yi masa wani irin kallo. Na ce a raina bari in fara gyara ɗaurin tukuna, in doki ya daina zuwa magana za ta mutu da kanta.

Daga nan muka shiga gasa ni da dabba. Na bar ƙulli mai kunne na koma mataccen ƙulli, ya tauna igiyar rama ya tsinke ta cikin kwana biyu. Na shafe igiyar da barkono da maɗaci, ya yi ta atishawa yini guda, washegari ya ci gaba da tauna yana hawaye. Na sa sakata a ƙofar baya, ya doke kwanon da ƙafar baya har ƙusoshi suka fita. Na sayo igiyar leda mai kauri wadda haƙori ba ya ci, sai ya bar igiya ya koma wa turke, yana ja gaba yana ja baya har ƙasa ta saki, ya fita da turken yana jan sa a titi. A ranar ne ya ratsa ta tsakiyar Farin Gada, ya kifar wa wata mata da tiren tumatir, wata babbar mota ta taka birki a kansa saura ƙiris. Azi ya kawo shi gada kamar kullum, amma wannan karon bai jira ni ba, ya ba wani mai faci riƙo ya tafi. Aka yi ta yi mini tsiya a kasuwa, masu lodi na cewa oga Sabo, dokinka ya zo cin kasuwa ya ce a gaishe ka. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Ban yi tunanin abin da ke kai shi can ba, tunanina kawai yadda zan karya shi.

Na kira mai walda ya yanko mini ƙarfen rodi mai kauri, ya lanƙwasa kansa ya yi zobe, muka haƙa rami muka dasa da siminti. Na sayo sarƙa irin ta ɗaure janareta da kwado babba. Na naɗe ƙafarsa ta hagu ta gaba da tsumma kamar yadda Baba ke yi, wai ni mai bin ƙa'ida, na zagaya sarƙa na datse. Hajara na tsaye a bakin barga tana kallo, hannunta a ƙirji.

Ta ce, "Malam, dokin nan ba gudunka yake ba, gona yake so. Ka riƙa kai shi, ko ka bar wa Azi shi can gaba ɗaya, ranar Juma'a ka je ka hau abinka. Wa zai ce don me?"

Na ce, "Dokin ubana zan kai wa wani ya riƙe? Sai dai bayan raina."

Ta ce, "To ka bar mini makullin a ƙusa. Ko don wuta."

Na san in na bar mata, tausayi zai sa wata rana ta buɗe masa. Na jefa makullin a aljihu na ce ba wutar da za ta tashi. Wuƙar Baba na nan soke a ginshiƙi, na kalle ta na kau da kai, don na san ba abin da za ta yi wa sarƙa.

Kwana uku ya yi yana fama, yana ja har ƙarar sarƙa ta hana mu jin kiran salla sosai. Daga nan ya daina. Ya tsaya wuri ɗaya, kai a ƙasa, in na zuba harawa ya ɗan taɓa ya bari. In na shigo ba ya ɗago kai. Na je majalisa na ce kiranye ya karye, aka yi dariya aka ce ƙarfe ya fi asiri. Kusan wata biyu ke nan, kuma a cikinsu ban ɗaura masa sirdi ko sau ɗaya ba, don ina tsoron in na kwance shi zai nufi Naraguta da ni a kai.

Ruwan farkon damina ne ya zo. Kun san yadda yake yi a garin nan, rana tsaka sai gari ya yi baƙi ta wajen duwatsu, iska ta taso, kafin ka tattara kaya ya sauko. Ran nan da ƙanƙara ya zo, manya-manya kamar goro. Ina Farin Gada, mun fake a rumfar mai shayi, ina riƙe da kofi ina dariyar masu lodi da ke tsintar ƙanƙara suna jefa wa juna. Lokacin wayar hannu ba ta kai hannun irinmu ba. Abin da ya faru a gida daga bakin Hajara na ji shi, sau ɗaya tak ta faɗa, ba ta ƙara ba. Ku kuna makaranta. Ta ce da ƙanƙara ta fara dukan kwanon barga sai dokin ya firgita, ya riƙa tsalle yana ja, idanunsa sun firfito. Ta fito cikin ruwan ta zari wuƙar Baba kafin ta tuna sarƙa ce. Ta jefar, ta ɗauko taɓarya tana dukan kwadon, dokin na turmutsutsu a kanta, ƙanƙara na fasa mata goshi. Taɓarya ta tsage. Ta koma ta ɗauko gatarin faskare tana sara, tana kiran sunana, tana kiran maƙwabta, ba mai ji saboda rugugin ruwa. Sai iska ta ɓalle fallen kwano guda ta maka masa a gadon baya. Ya miƙe tsaye da ƙafafun baya da dukkan ƙarfinsa, sarƙa ta riƙe ta gaba, ya juya ya faɗi. Ta ce ƙarar da ta ji kamar an karya rake.

Da ruwa ya tsagaita wani maƙwabci ya zo a kan acaɓa ya ɗauko ni. Na tarar da Bikili kwance cikin taɓo, ƙashi ya huda fata ya fito a ƙasan gwiwa, yana numfashi sama-sama. Hajara na zaune a ƙasa ta ɗora kansa a cinyarta, jini na bin fuskarta, gatari a gefe. Kwadon ya lotsa ta ko'ina amma bai buɗe ba. Na sa hannu a aljihu na ciro makulli, sau uku ina kuskuren ramin. Da na murɗa ya buɗe nan take, ba gardama. Hajara ta ɗago ta kalle ni. Da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Likitan dabbobi ya zo kafin magariba, ya duba ya girgiza kai. Ya ce ƙafar doki in ta yi haka ba ɗori, barin sa da rai azaba ce kawai. Na riƙe masa kai aka yi masa allura. Na yi kuka kamar ranar da Baba ya rasu, ban ɓoye ba.

Washegari da safe wasu masu sayen irin wannan nama suka zo ƙofar gida, na kore su. Amma ina zan kai shi? Ba filin da za a haƙa wa doki rami a Laranto. Ashe Hajara ta riga ta aika wa Azi ta bakin wata mai sayar da ganye, ba ta tambaye ni ba. Wajen ƙarfe tara sai ga a-kori-kura ta shigo layinmu, Azi a gaba kusa da direba. Rabonsa da unguwar kusan shekara biyu. Mutane suka fito ƙofar gida suna kallo, ba wanda ya yi masa sannu. Na ji Malam Iro a bayana yana cewa ƙasa-ƙasa, ai ga shi nan, kiranyen ne ya haukata dokin, da ya ga sarƙa ta hana shi zuwa sai ya ƙara wuta, yanzu kuma ya zo ɗaukar gawa. Na ji sarai, na yi kamar ban ji ba. Azi ya wuce su ya shiga barga, ya durƙusa ya shafa gezar Bikili. Ya dubi ƙarfen da ke cikin siminti, ya dubi sarƙa, ya dubi ƙafar. Ya gaida Hajara, ya ce mata sannu da ciwo, sannan ya ce a kawo igiyoyi.

Mutum takwas muka ɗora shi a mota. Malam Iro da wani maƙwabci suka ce za su raka ni, wai kada a bar ni ni kaɗai a can. Muka ƙetare gadar. Da muka isa gona na tarar har an gama rami a bakin ruwa, daidai inda ake yi masa talala, ciyawar wurin ta yi tsawo ba mai ci. Tun asuba Azi ya haƙa da mutanen gidansa kafin ya taho. Muka zura shi, muka mayar da ƙasa. Ni da Azi muka yi ta aiki da shebur kafaɗa da kafaɗa kamar da. Da muka gama ya gangara ya wanke hannu da fuska, ya dawo ya tsaya a gabana. Idanunsa sun yi ja. Malam Iro da maƙwabcin na tsaye taku uku daga inda muke, direba na jingine da mota.

Ya ce, "Sabo, doki ya tafi, magana ya ƙare. Abu ɗaya nake so ka ji. Ni ban taɓa kwance shi ba, ban taɓa kiran shi ba. Ka yarda?"

Amsar tana bakina, kalma biyu ce. Na gan shi da idona, na zauna a kan buhun dusa na ga komai. Na buɗe baki, sai na ji Malam Iro ya yi gyaran murya a bayana.

Na ce, "Allah ne masani."

Azi ya daɗe yana kallona. Ya gyaɗa kai a hankali, ya sunkuya ya ɗauki shebur ɗinsa ya saɓa a kafaɗa, ya bi kunyar kabeji ya nufi ɗakunansa. Bai waiwayo ba. Direbansa ne ya mayar da mu har ƙofar gida.

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Na sha cewa zan je bayan Salla, zan je in gari ya ƙara lafawa, zan je in ƙafata ta yi sauƙi. Ina cikin zan je wani mai kawo karas ya gaya mini a kasuwa, a tsakiyar ciniki, cewa ai tsohon nan na bakin ramin kuza ya rasu, har an yi wata biyu da binne shi. Na zauna a kan kwandon da ke kusa, na faɗi amsar abin da Azi ya tambaye ni ranar a gaban mutanen da ba su san me nake nufi ba. Na ce na yarda, Azi. Na sani.